Yadda ake zaɓen kayan haɗa babbar kwamfuta ta buga gem da aiki mai nauyi

Kwamfutar da za ta buga gem a 4K da dare, da rana kuma ta ɗauki tace bidiyo a DaVinci Resolve ko renda, wato fitar da kammalallen hoton 3D, a Blender, daga katin hoto ake fara zaɓen kayanta. Shi ya fi komai tsada, shi ya fi shan wuta da fitar da zafi, kuma tsawonsa ne zai nuna irin akwatin da za ka saya. In ka tsayar da shi, sauran kayan bin sa za su yi.

Katin hoto

A sama akwai RTX 5090 na Nvidia, wanda ya fito a Janairun 2025 da VRAM mai GB 32. Yana shan wat 575, kamfani ya sa masa dala 1,999, sai dai da wuya ka same shi a haka a kasuwa. Ƙasa da shi akwai RTX 5080 mai GB 16 da wat 360, sai RTX 5070 Ti, shi ma GB 16 amma wat 300. A ɓangaren AMD kuwa akwai RX 9070 XT, GB 16, wat 304.

Mai gem zalla sauri yake dubawa. Mai aiki ya fara duba VRAM, wato ma'ajiyar da ke jikin katin. Idan aikin da ka buɗe a Blender ya fi ƙarfinta, ko dai renda ta koma jan ƙafa saboda katin yana aron RAM ɗin kwamfuta, ko ta tsaya cik ta ba ka saƙon kuskure. Haka ma manhajojin AI da ake sarrafawa a kan kwamfutar gida, in ba su shiga VRAM ba saurin katin ba zai cece ka ba. Shi ya sa a ganinmu mai aiki bai ci riba sosai da 5080 ba: ma'ajiyarsa ɗaya da ta 5070 Ti. Ko ka tsaya a 5070 Ti ka zuba ragowar kuɗin a RAM da UPS, na'urar batir da ke riƙe kwamfuta in an ɗauke wuta, ko ka daure ka hau 5090.

Katin AMD yana da kyau a gem kuma kuɗinsa da dama-dama, amma manhajojin aiki da yawa a kan CUDA da OptiX, fasahohin da ke aiki a katunan Nvidia kaɗai, aka gina su. Masu tace fim su ƙara lura da cewa katunan RTX 50 suna buɗe bidiyon 4:2:2 mai bit 10 da kansu, irin wanda kyamarorin Sony da Canon na zamani ke ɗauka, ba sai sun ɗora wa furosesa nauyin ba.

In na hannu za ka saya, RTX 4090 da RTX 3090 duk GB 24 gare su. Kada ka biya sai an kunna maka shi, ya yi aƙalla rabin awa yana aiki mai nauyi a gabanka, kana kallon zafinsa a manhajar HWiNFO, ka kuma haska tocila cikin soket ɗin wutarsa ka ga ko akwai alamar ƙuna.

Furosesa

Ryzen 7 9800X3D na AMD, mai ƙwaya 8 (cores, wato sassan da ke yin lissafi) da ma'ajiyar cikin furosesa ta L3 mai MB 96, ya zama na gaba a gem da ya fito a Nuwamban 2024. Wannan babbar ma'ajiya ce ke rage yawan zuwa RAM ɗebo bayanai, abin da gem ke matuƙar so. Amma ƙwaya 8 ta yi kaɗan ga mai renda kullum. Ryzen 9 9950X3D, wanda ya zo a Maris 2025, ya haɗa biyun: ƙwaya 16, takwas daga ciki suna da ƙarin ma'ajiyar. Sharaɗinsa shi ne Windows ta san ta tura gem zuwa waɗancan takwas ɗin, don haka ka sa sabuwar Windows daga farko, ka sa direban cifset na AMD, kada kuma ka cire Xbox Game Bar, domin da ita tsarin ke gane cewa gem ake bugawa.

Core Ultra 9 285K na Intel, mai ƙwaya 24, gwani ne a aiki amma yana bayan X3D a gem. Abin da za ka yi hattara da shi shi ne i7 da i9 na ƙarni na 13 da 14 in na hannu ne. A 2024 Intel ta amince cewa yawan bolt yana lalata wasunsu a hankali, ta fitar da gyara ta BIOS, manhajar da ke cikin madabod, wato babban allon da ake haɗa duk kayan a kansa, amma wanda ya riga ya lalace ba ya dawowa.

Threadripper, manyan furosesoshin aiki na AMD, kuwa na wanda zai sa katin hoto biyu ko uku ne, ko mai bukatar RAM ɗaruruwan GB. Madabod ɗinsa da RAM ɗinsa daban ne, masu tsada, kuma ba zai ƙara maka komai a gem ba.

RAM da madabod

Sandan RAM biyu za ka saya, a kwali ɗaya. A kan AM5, soket ɗin da waɗannan furosesoshin Ryzen ke zama, DDR5-6000 mai CL30 ita ce daidai. GB 64, wato 32 sau biyu, ta wadatar da yawancin masu aiki. Mai After Effects ko manyan ayyukan 3D ya ɗauki 48 sau biyu. Mutane da yawa suna sayen biyu da niyyar ƙara biyu daga baya, su cike ramuka huɗu. A DDR5 wannan dabara tana ba da matsala, domin abin da AMD ta lamunta a sanda huɗu DDR5-3600 ne kawai, kuma sandunan da ba tare aka gwada su a masana'anta ba sukan ƙi jituwa ko da lambarsu ɗaya. Ka sayi adadin da kake bukata tun yanzu. A sa su a rami na biyu da na huɗu in ka ƙirga daga furosesa, masu alamar A2 da B2. Bayan haɗawa ka shiga BIOS ka kunna EXPO, saitin da ke ba RAM cikakken gudunta, ko XMP in Intel ne. In ba haka ba RAM ɗin za ta zauna a 4800 ko kusa da haka, ƙasa da abin da ka biya.

Madabod ba ta ƙara sauri. Madabod mai kyau mai cifset B850 za ta riƙe 9950X3D ba tare da gajiya ba. X870E ramuka da USB4 take ƙara maka. Abin dubawa na gaske shi ne rabon layukan PCIe, hanyoyin da bayanai ke bi tsakanin furosesa da sauran kaya. Furosesar AM5 layi 24 take bayarwa na amfani: 16 na katin hoto, 8 na SSD da makamantansu. A wasu madabod, da zarar ka sa SSD a wani ramin M.2, katin hoto zai koma layi 8. Sauke littafin madabod ɗin daga shafin kamfanin kafin ka biya, ka nemo teburin da ya nuna wane rami ke raba layi da wane. Ka tabbata kuma tana da maɓallin sabunta BIOS ta filashi ba tare da furosesa ba, don wadda ta daɗe a shago tana iya ƙin gane sabuwar furosesa.

SSD biyu sun fi ɗaya: TB 2 na Windows da manhajoji da gem, wani TB 2 ko 4 na aiki. PCIe 4.0 mai gudun MB 7,000 a daƙiƙa ya isa. PCIe 5.0 ya ninka shi a takarda amma ba za ka ji bambanci a gem ba, ga shi da zafi. Ka nemi mai TLC da DRAM, irin su Samsung 990 Pro ko WD Black SN850X. Masu QLC, nau'in ma'ajiya mai araha da ke ƙasa da TLC, suna fara kwafi da gudu, in fayil ya yi girma sai gudun ya faɗi warwas.

Wuta

A nan ne araha ba ta ado. Yi lissafi: 5090 wat 575, furosesa wajen 200, sauran kaya kusan 80, jimla ta haura 850. Nvidia ta ce a sa fawa saflai, na'urar da ke raba wa kayan wuta, mai wat 1,000. Mu 1,200 muke ba da shawara, don kada ya riƙa aiki a ƙurewar ƙarfinsa cikin ɗaki mai zafi. Mai 5080 ko 5070 Ti, 850 ya ishe shi. Ya zama ATX 3.1, domin an ƙera shi ya jure fizgar wuta ta ƙiftawar ido da manyan katuna ke yi, wadda ke sa tsofaffin fawa saflai kashe kwamfuta ana tsakiyar gem.

Wayar 12V-2x6 da ke kai wa katin wuta tana ɗaukar har wat 600 ta ƙananan filoli, wato tsinkayen ƙarfen da ke bakinta. In ba ta shige har ƙarshe ba, wutar za ta taru a kan filoli kaɗan, su yi zafi, robar ta narke. Tura ta sai ka ji ƙas, ka duba ta kowane gefe ka ga babu tazara, kada ka lanƙwasa ta sai ta yi nisan santimita 3.5 daga bakin soket, kada kuma murfin akwati ya danne ta. Wayoyin da suka zo da fawa saflai ɗinka kaɗai za ka yi amfani da su. Na wani kamfani, har ma na wani samfurin na kamfani ɗaya, bakinsu yana iya shiga daidai alhali jerin filolin daban ne, sai bolt 12 ta bi inda bai kamata ba ta ƙone kaya.

Daga bango kuwa, irin wannan kwamfuta tana jan kusan wat 950 in tana cikakken aiki, ban da monita. Inda ake ɗauke wuta ba sallama ana komawa janareta, UPS yana cikin kayan haɗi tun farko. Lambar wat ɗinsa za ka duba, ba VA ba: mai VA 1,500 galibi wat 900 zuwa 1,000 yake ɗauka, don haka mai 5090 ya nemi VA 2,000 zuwa sama. Ya zama mai fitar da tsantsar igiyar wuta irin ta layi, wanda za ka ga an rubuta pure sine wave a jikinsa, domin wasu fawa saflai na zamani suna mutuwa a daidai lokacin da ƙaramin UPS ya karɓi wuta. Ka sa mai gyaran wuta ya tabbatar soket ɗin yana da wayar ƙasa. Mai dogaro da sola da inbata kuma zai iya rage iyakar wutar katin zuwa kashi 80 a manhajar MSI Afterburner. 5090 zai sauko wajen wat 460, saurin da za a rasa kaɗan ne.

Zafi da ƙura

Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa a cikin ɗakin. Wat 900 ya kai BTU 3,000 a awa a ma'aunin zafi, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin iyakwandishan mai doki ɗaya. Alƙaluman zafi da kake gani a bidiyoyin gwaji a ɗakuna masu digiri 21 zuwa 25 aka auna su. In ɗakinka yana kai 35 a watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, ƙara aƙalla digiri goma a kan abin da ka gani. 9950X3D tana fara rage gudu da kanta a digiri 95.

Furosesa mai ƙwaya 16 tana son mai sanyaya na ruwa da lagireto mai milimita 360, ko babban na iska irin Noctua NH-D15. Na iska ba shi da famfon da zai mutu, fanka kawai ake canzawa, kuma wannan abin dubawa ne inda kayan gyara ke wuyar samu. In na ruwa ka zaɓa, ɗaura lagireton a saman akwati yadda famfon ba zai zama mafi tsayi ba, don iskar da ke cikin bututu sama take taruwa, in ta shiga famfo sai ƙara da lalacewa. Kada ka manta ɓare ledar da ke ƙasan mai sanyayar kafin ka ɗora shi.

Awo uku za ka gwada da akwatin kafin saye: tsawon katin, don wasu 5090 sun haura santimita 35, tsayin mai sanyaya, NH-D15 milimita 165 ne, da kaurin lagireto haɗe da fankokinsa. Gaban akwatin ya zama raga. Fankokin shigo da iska su fi na fitarwa yawa, misali uku a gaba ɗaya a baya, yadda iska za ta shiga ta matata kaɗai maimakon ta zuƙo ƙura ta kowace kafa. A lokacin hunturu a wanke matatar duk mako biyu, a ɗora kwamfutar a kan tebur, kuma in za a hure ta da bulowa a riƙe fankokin kada su juya. Busasshiyar iskar hunturu tana tara wutar jiki, don haka ka taɓa ƙarfe mai haɗe da ƙasa kafin ka ɗauki RAM ko kati. Katin mai nauyi kuma a tokare shi daga ƙasa kada ya rinjayi raminsa.

Kunnawar farko a kan kwalin madabod ake yin ta, kafin a ɗaure komai a akwati. AM5 tana iya yin mintoci da baƙin allo tana gwada RAM. Kada ka kashe ta. In ta tashi, sabunta BIOS kana kan UPS, kunna EXPO da Resizable BAR a BIOS, bar MemTest86, manhajar gwada RAM, ta zagaya sau huɗu, sannan ka gwada furosesa da kati tare a manhajar OCCT na awa ɗaya. Ka yi duk wannan tun kwanakin mayar da kaya ba su ƙare ba, ka kuma adana rasit da kwalaye saboda garanti.