Yadda Ake Dawo da Alamar Sauti Idan Ta Ɓace a Kwamfutar Tebur

Kafin ka kinkimi kwamfutarka zuwa wajen mai gyara ya ce sai an yi mata fomatin, dakata. Na sha ganin an goge aikin shekara guda saboda 'yar lasifikar nan ta kusa da agogo ta ɓace, alhali gyaran bai wuce minti biyar ba.

Fara da gano inda ciwon yake. Danna maɓallin Windows da R tare, rubuta sndvol, ka buga Enter. In akwatin ƙarawa da rage sauti ya fito, kuma kana jin ƙara idan ka motsa shi, to sautinka lafiya lau yake, alamar ce kawai ta ɓuya.

A Windows 10, danna dama (wato maɓallin dama na mouse) a kan sandar da ke ƙasan allo, zaɓi Taskbar settings, gangara zuwa Turn system icons on or off, ka kunna Volume. A Windows 11 babu wannan makunni, Windows da A za ka danna, sandar sauti ta fito.

To, ga inda masu koyo ke karaya, ni ma nan na taɓa ɓata wuni guda. Za ka isa wajen Volume ka tarar makunnin ya yi fari-fari, ka danna har yatsa ya gaji, ko gezau. Ba lalacewa ya yi ba. Windows Explorer, wanda shi ke riƙe da sandar ƙasa, shi ne bai tashi daidai ba, musamman in an ɗauke wuta kwamfutar ta mutu ba shiri. Danna Ctrl, Shift da Esc, nemo Windows Explorer a jerin Task Manager, danna dama, zaɓi Restart. Sandar za ta ɓace na ɗan lokaci, kada gabanka ya faɗi, za ta dawo da kanta.

In har yanzu shiru, wataƙila da gangan aka kulle ta. Kwamfutocin da suka fito daga ofis ko makaranta kan zo da irin wannan. Windows da R, rubuta gpedit.msc, bi User Configuration, Administrative Templates, Start Menu and Taskbar. Nemo Remove the volume control icon, mayar da shi Not Configured, ka kashe kwamfutar ka kunna. Kada ka taɓa komai ban da wannan layin, ba na yarda da yawon buɗe ido a can ciki. Mai Windows Home kuwa ba zai sami gpedit ba sam.

Idan alamar ta dawo da jan X a jikinta, wannan wata magana ce. Duba wayar lasifika tukuna: koren rami na bayan akwati shi ne na lasifika, ba ruwan hoda ba, wancan na makirufo ne. Sannan buɗe services.msc ta Windows da R ka sake tayar da Windows Audio. In ya ƙi, shiga devmgmt.msc ta wannan hanyar, cire direban sauti (manhajar da ke sa Windows ya iya aiki da na'urar sauti) da ke ƙarƙashin Sound, video and game controllers, yawanci Realtek ne, ka sake kunna kwamfutar, Windows zai maido shi. Manhajojin nan masu alkawarin gyara maka dukkan direbobi kyauta, bar su inda ka gan su, datarka kawai za su cinye su cika maka allo da talla.