Na'ura ta nuna sukarinka ya faɗi, kuma ba ka da ciwon sukari: ga abin yi

Da farko duba ma'aunin da na'urar ke amfani da shi. A Najeriya yawanci mg/dL ne, a Nijar kuwa sau da yawa g/L ake rubutawa, inda 70 ke zama 0.70. Ƙasa da 70 ake fara lura, amma ga wanda ba ya da ciwon, likitoci sun fi damuwa da ƙasa da 55.

Sai ka sake gwaji. Wanke hannu da sabulu, ka bari ya bushe sarai, domin ɗigon ruwa a yatsa kan tsinka jinin, lambar ta sauko. Kada ka matse yatsar da ƙarfi. Duba kuma ko tsinken gwajin, wanda ake ɗiga jinin a kai, ya wuce wa'adinsa, ko ya sha zafi a cikin mota.

Yanzu saurari jikinka: rawar hannu, zufa mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani. In akwai su, sha babban cokali ɗaya na zuma ko sukari a ruwa, jira minti 15, ka sake aunawa, sannan ka ci abinci sosai.

Rubuta lambar, lokacin, da abin da ka ci. Faɗa wa likita duk maganin da kake sha, har na gargajiya. Kwinin da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani duk suna saukar da sukari, haka ciwon hanta.

Wanda ya suma kuwa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefensa, a garzaya asibiti.