Idan giya ta fara fin ƙarfinka a Birtaniya, ga inda za ka nufa

Ɗan'uwa, a gida mai shan giya sai ya yi ɗawainiya kafin ya same ta. A Kano sai ya lallaɓa Sabon Gari yana waige. A nan kuwa, kantin da za ka sayi shinkafa da mai shi ne ke da layin kwalabe tun daga ƙasa har sama, kuma babu mai kallonka. Ka haɗa wannan da kaɗaici, da aikin dare, da duhun da ke rufowa tun wajen ƙarfe huɗu na yamma a watan Disamba, sai ka ga yadda mutumin kirki ke zamewa a hankali. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kunya ke sa mutanenmu su ɓoye har ciwon ya yi nisa, alhali taimako na nan kusa, kuma kyauta.

Kafin komai, in kana sha kullum, har da safe hannunka na rawa ko gumi na keto maka sai ka kurɓa, kada ka yanke lokaci guda kai kaɗai. Jikin da ya saba yana iya shiga jijjiga da ruɗewa, kuma hakan na kisa. Wannan ya shafi mai niyyar tsayawa cak ranar ɗaya ga watan azumi. Niyyar tana da kyau, amma a fara ganin likitan unguwa, wanda suke kira GP. A Ingila rajista da shi kyauta ce, ba a kuma sharɗanta takardar zama. Kana iya neman tafinta. Kowace ƙaramar hukuma na da sashen kula da masu matsalar sha, kuma galibi za ka iya kai kanka ba sai an tura ka ba. In jijjiga ko gane-gane suka fara, a kira lambar gaggawa ta 999.

Sai batun zaman 'yan'uwa masu lalura iri ɗaya. Mafi yaɗuwa su ne na Alcoholics Anonymous, wato AA, wadda aka kafa a 1935 a garin Akron na Amurka, ta kuma iso Landan a 1947. Ka shiga shafinsu na Birtaniya, ka rubuta sunan garinku ko lambar unguwarku, zai nuna maka rana da lokaci da wuri. In ka fi son magana da mutum, lambarsu ta kyauta ita ce 0800 917 7650, kuma masu ɗauka mutane ne da suka taɓa shiga halin da kake ciki. Ba rajista, ba kuɗin shiga, ba mai tambayar fasfo. Sunan farko kawai ake faɗa. Sharaɗi ɗaya ne: kana son ka daina. Akwai zaman da kowa ke iya halarta, har da iyali, akwai na masu lalurar kaɗai, akwai kuma na mata zalla.

Na san abin da zai tsaya wa da yawanmu a rai. Sau da yawa adireshin zai kai ka zauren coci. Haya suke yi don ya fi araha, ƙungiyar ba ta wani addini ba ce. Matakai 12 da suke bi wajen daina sha suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji yadda kowa ya fahimce shi, kuma Musulmi ya san wanda yake nufi. A ƙarshe sukan karanta gajeriyar addu'a tare. Ka yi shiru ka yi taka a zuci, babu mai tuhumarka. In duk da haka zuciyarka ba ta kwanta ba, ka nemi SMART Recovery, wadda ba ta kawo batun imani, tana koyar da dabarun shawo kan sha'awar sha ne. Akwai kuma Millati Islami, da Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989; ƙarfinta a Amurka yake, amma ana samun zamanta ta intanet.

Zama kan ɗauki sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Za a ba ka shayi, mutane su riƙa ba da labarinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba dole ka ce uffan ba. Ana zagayawa da ɗan kwanon taimako, in ba ka da abin sakawa ka miƙa gaba. Kafin ka fita, ka gaya wa mutum ɗaya cewa yau ka fara, ka karɓi lambar wayarsa, domin daren da sha'awar za ta taso.

Mai tsoron haɗuwa da wanda ya sani ya hau bas zuwa wata unguwa, ko ya fara da na Zoom ya rufe kyamara. Kuma kada ka yanke hukunci da zama ɗaya, don kowane rukuni da yanayinsa. Ka gwada wurare daban-daban.

Matar da mijinta ke sha, ko ɗan da ke ganin halin mahaifinsa, su ma suna da nasu zaman, Al-Anon, ko da mai shan bai yarda ya je ko'ina ba tukuna.