Yadda za ka auna tsutsar hanta ba tare da girmanta ya yaudare ka ba

Abin da ɗalibai da yawa ke yi shi ne su zaro tsutsa daga hanta, su ɗora rula, in ta yi tsawo su ce Fasciola gigantica ce, in gajera ce su ce Fasciola hepatica, wato sunayen jinsunan tsutsar hanta biyu. A littafi kam haka yake, hepatica tana kai kusan milimita 30, tana da kafaɗu masu faɗi kamar ganye, gigantica kuma tana iya kai milimita 75, siririya, gefenta a miƙe, kafaɗun ba su fito sosai ba. Amma fa dabbar da tsutsar ta girma a cikinta ita ma tana da hannu a girman, shi ya sa rula kaɗai ba ta isa ba.

Don haka tun kafin ka taɓa tsutsar, rubuta daga wace dabba ta fito, tunkiya ce, akuya ce, saniya ce ko zomo, kuma kowace hanta da kwalbarta daban, kar ka haɗa. Irin tsutsar da ta girma a ɓera ko zomo ba za ta kai girman ta cikin tunkiya ba, ko da iyayensu ɗaya, hanyoyin matsarmamar ƙaramar dabba ƙanana ne, ba wurin miƙewa. A saniya kuma wani abu ne daban, jikin hanyar yana kauri ya yi tauri, in ka sa wuƙa har ƙas-ƙas za ka ji kamar kana yankan tsakuwa, tsutsar na shan wuya a wurin kuma ba ta daɗewa, alhali a tunkiya sai ta yi shekaru tana zaune abinta tana zuba ƙwai.

Sai ka ƙirga nawa ka samu a hanta ɗaya. Wannan mutane na raina shi, amma in sun yi cunkoso ko wacce takan fito ƙarama. Ka kuma ware yaran da manya, domin ƙaramar tsutsa sai ta yi kamar sati 6 zuwa 8 tana huda naman hanta kafin ta shiga hanyar matsarmama ta balaga, in ka zuba ta cikin lissafin manya ka ɓata komai. Wadda ka ga ƙwai a cikinta, ita za ka auna.

Kar ka auna ta da rai, tana miƙewa tana takurewa kamar roba, yanzu ka samu milimita 25 anjima ka samu 32. Wanke ta da ruwan gishirin lab mai ɗumi, bar ta ta saki jiki, sannan ka shimfiɗa ta tsakanin gilashi biyu ba tare da dannawa da ƙarfi ba, kuma yadda ka yi wa ta farko haka za ka yi wa sauran duka.

Auna tsawo, auna faɗi, raba tsawon da faɗin, wannan ya fi tsawo shi kaɗai gaya maka gaskiya. Ƙwan ma ka duba a madubin likita, na hepatica tsawonsa kamar maikuromita 130 zuwa 150 (maikuromita dubu ne milimita ɗaya), na gigantica ya fi haka, sai dai shi ma yana ɗan sauyawa da irin dabbar.

In kuma ta fito tsaka-tsaki, ba ta nan ba ta can, kar ka tilasta mata suna, akwai ruwa-biyu tsakanin jinsunan biyu, an same su a Japan da Koriya da Biyetnam. Yanki ɗan gefenta ka ajiye a ethanol, wato sinadarin alkohol na lab, kafin ka sa mata kala, a kai gwajin DNA.