Babi na Bakwai: Tsofaffin Kuɗi da Abin da Ke Ba Su Daraja

Darasi na 1: Yadda ake riƙewa

Makon jiya na ce kowa ya duba adakar gida ya kawo tsohon kuɗin da ya samu. Madalla da ƙoƙarinku. An kawo anini, ɗari, kwabo mai huji, taro, sisi da sule, irin waɗanda ake kashewa kafin zuwan naira da kwabo a 1973. Akwai masu tara irin waɗannan, suna saye, amma sai sun duba wasu abubuwa.

Shimfiɗa ƙyalle a gabanka. Ɗauki kwandalar da babban yatsa da manuni, ta gefe, kada yatsa ya taɓa fuskarta. Gumin hannu yana barin tabo. In ta suɓuce, ta faɗa kan ƙyallen. Sake gwadawa. Ba komai in hannu yana rawa, kowa haka ya fara.

Darasi na 2: Kada a wanke

Nan ne aka fi yin kuskure, don haka za mu daɗe a nan. Kada ka wanke tsohon kuɗi. Kada ka goge shi da toka. Kada ka sa masa lemun tsami, ko yashi, ko soson ƙarfe, ko man goge tagulla.

Na san dalili. Mun saba mu ga kwano yana ƙyalli kafin a kai shi kasuwa. To, tsohon kuɗi ba kwano ba ne. Wannan duhun da ya hau kansa shekaru ne suka kawo shi, kuma mai saye yana son ya gan shi. Toka tana karce fuskar kwandala, ta cinye ƙananan zane, abin da ta cinye kuwa ba ya dawowa. Mai saye yana ɗaga ta a haske zai ga karce-karcen, nan take ya rage kuɗi.

Wata baiwar Allah a ajinmu ta kawo sule guda biyu na kakarta. Ɗaya ta bar shi yadda ta same shi, ana ganin ganyen bishiyar kwakwar da ke jikinsa ɗaya bayan ɗaya. Ɗayan ta kwana tana dirza shi da toka don ta faranta mini rai. Ya yi fes, amma ganyen ya shafe. Da na yi mata bayani, sai da idonta ya kawo ruwa.

Ku faɗa tare da ni: ba a wankewa. Ku sake faɗa. Yanzu kowa ya rubuta a littafinsa sau uku: BA A WANKEWA.

Duk da haka jiya mutum huɗu sun zo da nasu a goge. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Malam, in ka ga datti ya dame ka, ka bar shi. Hajiya, in jika ya ce zai gyara miki, ki karɓe ki ɓoye.

Darasi na 3: Karanta shekara

Nemi lambobi huɗu a jere, ka karanta daga hagu zuwa dama: 1, 9, 3, 6, wato 1936. Kula da 6 da 9, in ka juya kwandala kai ƙasa suna rikiɗewa.

Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abin da ake tambaya shi ne, nawa aka buga, nawa suka rage? Kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na takwas, wanda bai cika shekara a sarautar Ingila ba, yana burge mutane, amma an buga shi da yawa, saboda haka ba shi da tsada sosai. Haka liyari, babbar azurfar nan mai hoton Sarauniya Mariya Tereza da iyayenmu mata ke ratayawa. Yana ɗauke da 1780, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekarar har zamaninmu. Yawanci darajarsa ta azurfar jikinsa ce. In maƙeri ya huda shi ko ya liƙa masa kunne, masu tarawa suna rage masa kuɗi. Hujin anini da na kwabo daban ne, da shi aka buga su.

Shi ma liyarin, ba a wankewa.

Darasi na 4: Irin ƙarfe

Sulen farko, daga 1913, na azurfa ne. Daga wajen 1920 aka koma tagulla. Na azurfa ya fi daraja. Aninin 1907 na alminiyam ne, ba shi da nauyi a hannu.

Darasi na 5: Ƙaramin harafi

Wasu suna da H ko KN, alamar gidan da aka buga su a Birmingham ta Ingila. Sa yaro mai kaifin ido ya duba maka.

Darasi na 6: Ajiya

Naɗe kowace kwandala ita kaɗai a takarda, ka ajiye inda babu laima. Kafin ka sayar, tambayi mutum biyu ko uku.

Aikin gida: rubuta shekarun kwandala uku.