Kurakuran da Turawan Ingila suka fi yi idan sun tare a ƙauyukan Faransa

Ranar Alhamis kasuwar Eymet take ci. Ƙaramin gari ne a lardin Dordogne, kudu maso yammacin Faransa, an kafa shi tun 1270, mutanensa ba su kai dubu uku ba. In ka tsaya a dandalin kasuwar ka kasa kunne, za ka ji Ingilishi na tashi ta kowane gefe, har ƙungiyar wasan kurket garin yake da ita. Turawan Ingila sun daɗe suna sayen tsofaffin gidajen dutse a yankin, abin kuma ya ƙaru a farkon shekarun 2000, lokacin da jiragen sama masu araha suka fara sauka a Bergerac, wani gari da ke kusa. Hukumar ƙididdiga ta Faransa ta ƙirga 'yan Birtaniya kusan 148,000 mazauna ƙasar a 2016, da yawansu kuma ƙauye suka zaɓa. Wannan yanki ya yi shekara wajen 300 a hannun sarakunan Ingila, sai a 1453 aka fatattake su a yaƙin Castillon. Ni dai nakan ce abin da takobi ya ƙwace musu, ga shi suna dawo da shi gida-gida da kuɗi.

Na zauna shekaru a wani ƙauye na wannan yanki, ni ma baƙo, na ga zuwansu da tafiyarsu. Akwai wanda zai shekara goma ana ce masa “Baturen Ingilan nan na bayan coci”, akwai wanda kafin shekara biyu an fara kiransa da sunansa. Kuɗi ba ya shiga wannan lissafi, ƙwarewa a Faransanci ma ba ita ce gaba ba. Na farkon ya sayi gida ne da kyan wuri, ya manta cewa wurin da mutane a ciki.

Gaisuwa ce farkon inda suke tuntuɓe, kuma Bahaushe zai yi mamakin yadda babban mutum zai faɗi a nan. Ladabin Baturen Ingila yana cikin “don Allah” da “yi haƙuri” da kuma kada ya dami wanda bai sani ba. Ladabin Bafaranshe yana cikin “bonjour”, wato gaisuwar barka da yini. Wata safiya ina layi a shagon burodi, wani dattijo sabon zuwa ya shigo, ya yi murmushi, ya nuna burodi da yatsa ya ce guda biyu, har da “s'il vous plaît” ɗinsa, wato “don Allah”. Matar shagon ta ajiye takardar da ke hannunta, ta dube shi, ta ce, “Bonjour, monsieur.” Ta yi shiru tana jira. Shi kuma ya ɗauka ba ta ji ba ne, ya maimaita da ƙarfi. Burodin ya samu, amma kafin azahar rabin ƙauyen ya san sabon Baturen ba ya gaisuwa. Gyaran ba wuya: duk inda ka shiga, shago ne, ɗakin jiran likita ne, gidan waya ne, ka gai da kowa da ke ciki kafin ka faɗi abin da ya kawo ka, in za ka fita ka yi sallama. A hanya ka ɗaga wa mai tarakta hannu ko ba ka san shi ba. Sai maganar “tu” da “vous”, wadda Ingilishi ba shi da irinta. “Tu” kamar “kai” ne, “vous” kuma kamar yadda ake ce wa babba “ku” ne don girmamawa. Ka riƙe “vous” da kowa, ka bari wanda ya girme ka ya ce a sauke. Na san maƙwabta biyu da suka shekara ashirin suna ba juna aron tsani, har yau “vous” suke ce wa juna, kuma babu abin da ya ragu a zumuncinsu.

Daga nan sai ofishin magajin gari. Faransa tana da ƙananan hukumomin gari da ƙauye kusan 35,000, kowace da zaɓaɓɓen magajinta, ko da mutanenta ɗari biyu ne. A Ingila ba a saba da haka ba, shi ya sa sabon zuwa yakan tare ya yi wata shida bai leƙa ofishin ba. Doka ba ta tilasta maka zuwa, amma a ƙauye rashin zuwan kamar ka sauka a unguwa ne ba ka gai da mai unguwa ba. Ka duba ranakun da ake buɗewa, don a ƙananan ƙauyuka sau biyu ko uku ne a mako, ka je ka gabatar da kanka ga magajin da kuma sakatariyarsa, wadda sau da yawa ta fi shi sanin inda kowace takarda take kwana. Amfanin wannan ziyara yana fitowa ranar da ka tashi gyaran gida. Duk abin da zai sauya fuskar gini daga waje, sabuwar taga, sauya rufi, har sauya launin ƙyauren taga, sai an shigar da takardar sanarwa kafin a fara. In gidan yana cikin mita 500 daga wani ginin tarihi da aka yi wa rajista, sai masanin gine-gine na gwamnati ya sa baki. Wanda ya yi gaban kansa ana iya sa shi ya rushe. Wanda ya fara zuwa da zanensa ya ce, “Ga abin da nake tunani, yaya kuke gani?” yakan fito da shawarar da za ta rage masa wata uku na wahala.

Kuskuren da ya fi yin tsada, a ganina, shi ne na ma'aikata. Bature ya sayi kango, yana son a gama kafin bazara. Ya kira magini na ƙauyen, aka ce sai bayan wata huɗu, ga watan Agusta kuma kowa na hutu. Sai ya shiga Facebook, zauren 'yan ƙasarsu, ya samu wani ɗan'uwansa mai farar mota da zai fara gobe, a biya shi a hannu, babu takarda. Har fenti da famfo wasu daga Ingila suke lodowa. A ranar abin ya yi daɗi, an yi magana da harshen gida an fahimci juna. Amma mai aikin da ke da rajista a Faransa yana da lambar kasuwanci da ake kira SIRET, yana rubuta maka takardar ƙiyasin kuɗi ka sa hannu, kuma dole ya riƙe inshorar da ke ɗaukar lalacewar gini har shekara 10. Wanda aka biya a hannu ba shi da ko ɗaya. In rufi ya fara yoyo an nemi mai farar mota an rasa, in kuma ya faɗo daga tsani a gidanka, kai ne a ciki. Ba na cewa duk Baturen Ingila mai sana'a haka yake, akwai masu rajista da ke aiki mai kyau. A tambayi takardun kawai, ko wane ne.

Asarar da ba ta bayyana a takarda ta fi wannan. A ƙauye mai mutum ɗari huɗu, mai gyaran famfo surukin ɗan majalisar ƙauye ne, matarsa ce ke dafa abincin 'yan makaranta, ƙanensa ne ke tuƙa motar kashe gobara. Sun ga motocin da suka yi wata biyar suna tsayawa a ƙofarka, sun kuma ga babu ta ɗan gari ko ɗaya. Ranar da sanyin Janairu ya fasa maka bututu da tsakar dare, shi za ka kira, kuma zai tuna. Dabarar ita ce a fara da ƙaramin aiki: ka ba shi gyaran famfon wanka, ka biya da wuri, ka ba shi kofi. Babban aikin ka yi haƙuri da layinsa. Haka sayayya. Babban kanti na can kilomita ashirin ya fi araha, kowa ma yana zuwa, amma burodin safe ka saya a ƙauye. Mutanen nan sun ga yadda shago ke rufewa, a rage aji a makaranta, gidaje su koma na masu zuwa hutu da ƙyaurensu ke rufe wata tara a shekara. Duk baƙon da ya zo, abin da suke aunawa a ransu shi ne ko zai ƙara wa ƙauyen rai ko zai ƙara rufaffen ƙyaure.

Sai ƙorafi. Mutum ya baro hayaniyar Landan yana neman shiru, ya tarar zakara na cara tun asuba, ƙararrawar coci na bugawa kowace sa'a, injin girbi na aiki har dare a watan Yuli, ga warin taki. Sai ya rubuta wa magajin gari wasiƙa. Kada a yi. Faransawa 'yan birni ma sun gwada sun sha kunya. A 2019 wasu masu gidan hutu a tsibirin Oléron suka kai ƙarar wani zakara mai suna Maurice, kotu ta ba zakara gaskiya, a watan Janairun 2021 kuma aka kafa dokar da ta sa sautuka da ƙamshi da warin karkara cikin gadon ƙasa. Abin dariyar shi ne, mai ƙorafin shi ne yakan taka doka bai sani ba. Injin yankan ciyawa yana da lokutan da hukumar lardi ta tsara, a wurare da yawa ranar Lahadi daga ƙarfe 10 zuwa 12 ne kawai, ga shi a Ingila la'asar ɗin Lahadi ce lokacin yankan ciyawa. Ƙona ganye da rassan lambu haramun ne, akwai wurin da ake kai su. Itacen da zai wuce mita 2 a tsayi, sai an dasa shi mita 2 daga iyakar maƙwabci. Maharba kuwa daga Satumba zuwa ƙarshen Fabrairu suke fita, musamman Lahadi, suna koran aladen daji da ke ɓarnar masara. Kana iya ƙin farauta har zuciyarka, kana kuma iya hana su shiga filinka ta hanyar da doka ta tsara. Amma ka fara neman shugaban ƙungiyarsu ku yi magana ido da ido, ka tambayi ranakun da suke fita don ka tsare karenka. Tsayawa a bakin shinge kana yi musu ihu da Ingilishi ba ya korar kowa.

Harshe kuwa, kuskuren ba rashin iyawa ba ne, jiran sai an iya ne. Na san wata mata da ta shekara uku tana zuwa aji, tana jin kunyar buɗe baki don kada ta yi kuskuren nahawu, da yamma kuma ta tafi shan shayi wurin 'yan ƙasarsu. Mijinta bai san komai ba sai kalmomi talatin, amma kullum yana bakin shinge da maƙwabcinsa suna gardamar tumatir da hannu da ka. Shi ya riga ta shiga gari. Zama da 'yan ƙasarku ba laifi ba ne, kowa yana son inda zai yi barkwanci a gane. Laifin shi ne ya zama nan ne kaɗai.

Ƙofar da ta fi sauƙin shiga ita ce kwamitin shagulgulan ƙauye, masu shirya cin abincin bazara a dandali. A nan ma akwai tarko. Wanda ya yi ritaya daga babban ofis a Ingila yakan zo taron farko da shawarwari bakwai kan yadda za a gyara tsarin, alhali tsarin ya girmi zuwansa da shekara arba'in. Shekarar farko ka ɗauki kujeru, ka wanke faranti, ka tsaya har a kwashe tebur na ƙarshe. Ranar 11 ga Nuwamba da 8 ga Mayu, ranakun tunawa da ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya da na biyu a Turai, ka je gaban dutsen tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Minti ashirin ne, za ka ji an karanto sunayen da har yanzu suke jikin akwatunan wasiƙar maƙwabtanka. In an yi rasuwa a layinku ka je jana'iza ko da gaisuwa kawai ke tsakaninku. Baturen Ingila yana ganin zuwa ba gayyata kutse ne, a ƙauyen Faransa kuwa ana lura da wanda bai zo ba.

Wasu kuma garaje ne ke kayar da su. Sati biyu da tarewa sun gayyaci maƙwabta cin abincin dare, an zo an zauna a takure, su kuma ba a gayyace su ba, sai su ce Faransawa ba su da sakin fuska. Teburin cin abinci na dangi ne da tsofaffin abokai. Matakin farko shi ne ɗan zaman sha da taɓa-ka-lashe kafin abincin dare, awa ɗaya zuwa biyu a watse, kuma wanda ba ya shan giya ruwan 'ya'yan itace ya ishe shi, ni shaida ne. Tsakanin 12 da 2 na rana kada ka buga wa kowa ƙofa, ana cin abinci. In ka tashi da safe ka ga ledar tumatir ko ƙwai shida a bakin ƙofa, kada ka ruga da kuɗi, kada kuma ka sayo kyauta mai tsada a ranar don ka sauke nauyi. Ka yi godiya, ka bar bashin ya kwana. Wata rana za a nemi mai kai tsohuwa asibiti a Bergerac.

Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ranar 31 ga Janairu 2020 ta ƙara wa abin nauyi. Mai gidan hutu yanzu kwana 90 cikin 180 kawai yake iya yi ba tare da biza ba, kuma har yau ana samun masu ƙirga kwanakin ba daidai ba. Mazauna sun koma neman katin zama, sun rasa ƙuri'arsu a zaɓen ƙananan hukumomi, ɗaruruwan da ke cikin majalisun ƙauyuka suka bar kujerunsu a zaɓen 2020. Wanda yake son ƙuri'ar ta dawo sai ya nemi zama ɗan ƙasa, bayan shekara 5 na zama, da jarrabawar harshe da ganawa da jami'i.

In ƙarshen shekara ya gabato, wajen Nuwamba ko Disamba, da yamma za a buga maka ƙofa, ka ga mutum biyu cikin kayan 'yan kwana-kwana riƙe da kalanda. Sababbin zuwa da yawa sukan ce ba sa bukata su rufe ƙofa, sun ɗauka talla ce. Yawancin 'yan kwana-kwanan Faransa 'yan sa-kai ne, a ƙauye su ne ke zuwa in an yi gobara ko haɗari ko wani ya yanke jiki ya faɗi. Kalandar ba ta da farashi, abin da ka ga dama kake bayarwa. Ka tanadi Yuro goma ko ashirin a kusa da ƙofa, ka ce su shigo daga sanyi, ka buɗe kalandar a gabansu ka nemi hotonsu a ciki. Ɗaya daga cikinsu wataƙila shi ne ƙanen mai gyaran famfon.