Darasi: Rediyon Motar Tokumbo da Ba Ya Kama Tasha

Motoci da yawa da ke yawo a Sakkwato tokumbo ne. Sun yi aiki a Amurka ko Turai ko Japan kafin su iso nan, kuma rediyon da ke cikinsu don tashoshin can aka ƙera shi. Shi ya sa za ka ga mota lafiya lau, amma in an kunna rediyo sai shuuu. Kada ka yi saurin cire shi ka sayi wani. Sau da yawa ƙalau yake.

Fara da karanta lambobi

Kunna rediyon, ka sa shi a FM. Yi ta murɗawa har lambobin su ƙare su koma farko. Rubuta mafi ƙanƙanta da mafi girma a takarda.

Tashoshin FM na Nijeriya suna tsakanin 87.5 da 108. In abin da ka rubuta ke nan, rediyonka irin na Turai ne, ya dace da mu. In kuwa ka ga 76 zuwa 90, na Japan ne. Wasu sababbi suna kaiwa 95. Rediyon Rima yana kan mita 97.1, ka ga ke nan ya fi ƙarfin irin wannan rediyo, ko da a ƙofar gidan rediyon ka ajiye motar. Ana cin karo da rediyon Japan a motocin da aka juya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, da kuma cikin rediyoyin gwanjo.

Maganinsa wata 'yar na'ura ce da ake kira kombata. Ana sa ta tsakanin wayar eriya da bayan rediyo, sannan a ba ta wuta daga wayar da ke kawo wuta in an murɗa makulli. Aikinta rage lamba. In an rubuta 14 a jikinta, to 14 take cirewa: 97.1 a cire 14, saura 83.1. A nan za ka sami Rima. Mai lamba 10 ba ta kai wannan amfani ba, domin tashar da ke 101.5 za ta koma 91.5, har yanzu ta wuce 90. Tambayi lambar kafin ka biya. Gaskiya dai, in kuɗin na'urar da na aiki sun kusa kuɗin rediyo mai kyau, gara a sauya rediyon.

Na Amurka matsalarsa kaɗan ce. Yana tsalle ne 97.1, 97.3, 97.5, ba ya tsayawa a 97.2. A zangon AM kuma goma-goma yake ƙirga, mu kuwa tara-tara, don haka wasu tashoshin sai dai ya kama gefensu.

Eriya

In lambobi sun yi daidai amma murya na yankewa, koma kan eriya. Ta sanda tsawonta wajen santimita 75 ne, an auna shi da zangon FM. Wadda ta karye ko aka gajarta don ado ba za ta ja sosai ba. Kwance gindinta. Ƙurar hunturu da ruwan wanki suna taruwa a nan su yi tsatsa, alhali gindin nan dole ya taɓa ƙarfen mota. Kankare tsatsar, ka ɗaure tam.

Wasu motocin ba su da sanda. Eriyarsu siraran layuka ce a gilashin baya, tare da ƙaramar na'ura mai ƙara ƙarfi wadda ke buƙatar wuta. In an sauya rediyo, ana yawan mantawa da wayarta, galibi shuɗiya ce. Ka ce wa mai wayarin: "Malam, don Allah duba min, an haɗa shuɗiyar wayar eriya kuwa?" Kada kuma a sa reza a kan layukan nan wajen ɓamɓare ledar gilashi.

Abu na ƙarshe shi ne caja. Cajar waya mai araha tana sa ƙara. Zare ta ka saurara. Game da nisa kuwa, FM ba ya tafiya mai tsawo, in ka miƙi hanyar Illela ko Tambuwal murya ta fara dushewa, ba laifin mota ba ne.

Gargaɗi: wasu rediyoyin, kamar na wasu motocin Honda, suna kullewa in an cire batir, sai an sa lambar sirri. Nemi lambar tukuna.

Aikin yi

1. Na'urarka mai lamba 14 ce. A wace lamba za ka sami tashar da ke 101.5?
2. Rediyo ya tsaya a 90. Na wace ƙasa ne?
3. Duba rediyon wata mota a unguwarku, ka rubuto lambar farko da ta ƙarshe, ka kawo aji.